Kurakuran da aka fi yi wajen fahimtar zaman halittu, daga aji zuwa gona

Duk shekara idan na ce ɗalibai su ba ni misalin abin da littafi ke kira ekosistem, sai su tsallaka teku su ɗauko dajin Amazon. Ba mai ambatar tafkin Madarunfa, ko dajin Baban Rafi, balle gonar babansa a Jiratawa. Wanda ya yi ƙoƙari kuma sai ya jero sunayen dabbobi da itatuwa ya ajiye alƙalami. Jerin suna bai isa ba. Ekosistem wuri ne da masu ran da ke cikinsa, da marasa rai irin su ƙasa, ruwa, iska da hasken rana, da kuma cuɗanyar da ke tsakaninsu: wa ke cin wa, wa ke ciyar da wa, ina gawar kowa ke komawa. Gyaran mai sauƙi ne. Ka zauna ƙarƙashin gawo guda ka duba: awaki na cin 'ya'yansa suna zubar da kashi, gara na jan karmami cikin ƙasa, ramukanta na shan ruwan sama. Ka riga ka sami amsar.

Gawon nan shi ke kai mu ga kuskuren da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya, wato ɗaukar kowane itace a gona a matsayin kishiyar hatsi. An daɗe ana auna manomin kirki da yadda ya share gonarsa fes. Gawo kuwa da damina yake kaɗe ganye, lokacin da gero ke son rana, ya kuma yi kore da rani. A saiwarsa akwai ƙananan halittun da ke kamo sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa geron gindinsa ya fi na fili duhun ganye. A nan yankin Maraɗi ne, a 1983, Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara ba su mutu ba, tohonsu kawai ake hanawa. Daga nan sassabin zamani ya bazu: ka zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi a jikin sabara ko kalgo, ka datse sauran. Ana ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa sun dawo a kusan hekta miliyan 5 a ƙasar Nijar. Sai dai yanzu ina ganin wasu sun faɗa ɗaya ɓangaren, suna zaton kowane itace gawo ne. Bedi ba ya sakin ganyensa da damina, inuwarsa na danne shuka. Irin wannan sai a gefen gona, ko a riƙa yi masa aski.

Ƙuduji ma ana yi masa mummunar fahimta. Na taɓa tarar da kawuna yana nome shi kamar sauran haki, fure ja-ja ya cika gonar. Na ce, "Kawu, bari in nuna maka wani abu." Na tono guda a hankali da ƙasarsa, na karkaɗe. Ga saiwarsa manne da ta gero, kamar kaska a kunnen kare. Ya juya shi ya sake juyawa, ya ce, "Ashe ɗan banzan nan ba maƙwabci ba ne, ɓarawo ne." Haki na gasa da gero kan ruwa da taki; ƙuduji kuwa daga jikin geron yake sha, kuma yawancin ɓarnar ya gama ta tun bai leƙo sama ba. Tushe ɗaya na zubar da iri dubbai, irin kuma na iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10. Saboda haka a tuge shi kafin ya yi 'ya'ya, a fitar da shi daga gona a ƙone, a ƙara taki, domin gajiyayyar ƙasa ya fi so, a kuma riƙa hutar da wurin da gyaɗa. A lura dai, wake na da nasa ƙudujin, jinsinsa daban ne da na gero.

Sai batun feshi. Da an ga murzuna ta fara zana layinta a zangarniya, sai a ɗauko magani a bi gona kaf, a kan cewa duk ƙwaro maƙiyi ne. Tsutsar tana ɓoye cikin zangarniya, maganin bai cika isa gare ta ba, amma yana kashe masu farautarta da ke yawo a fili. Cikinsu akwai wani ɗan mitsitsin zanzaro, Habrobracon hebetor a bakin masana. Macen na harbin tsutsar ta sandare, ta saka ƙwai a jikinta, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su cinye ta. Masu bincike na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasar Nijar, suna kiwon sa a Maraɗi, ana kai shi ƙauyuka cikin 'yan buhunan algarara lokacin da gero ke fidda kai. Idan an saki a garinku ka bi da feshi, ka kashe sojan da aka kawo maka.

A lissafin yawan halitta, kuskuren ɗalibai shi ne haɗa awaki da tumaki da shanu su ce ga al'umma guda. Jinsi ɗaya ake ƙirgawa, a wuri ɗaya, a lokaci ɗaya. Kuma ba haihuwa da mutuwa kaɗai ke sauya adadin ba, akwai shigowa da fita. Raƙuman dawa 8 da aka ɗauko daga yankin Kure aka kai gandun Gadabeji a 2018 ba haifar su aka yi a can ba.

Makiyayi ma na da nasa. Fili yana da iyakar bakin da zai iya ciyarwa, kuma ba a gane ta da ido daga nesa. Ka bi burtali da damina ka ga kore shar, ka matsa kusa ka tarar garmani ne zalla. Dabbobi sun cinye ciyawar da suke so tun ba ta zubar da iri ba, suka bar wanda ba su damu da shi ba ya mamaye wurin. Sai an tuge garmanin kafin ya yi iri, an watsa irin ciyawa, an kuma hana kiwo a wurin na ɗan lokaci.

Mujiya kuwa har yau ban ci nasara a kanta ba, ko a gidanmu. Bara ta samu wuri a saman tsohon rumbu, yara suka taru da danƙo, iya na daga ɗaki tana cewa a kore ta, mugun tsuntsu ne. Na tsinto ɗaya daga dunƙulen da take amayarwa a gindin rumbun, na fasa shi da tsinke a gabansu: gashi ne da ƙasusuwa, har da ɗan ƙoƙon kan ɓera da haƙoransa. Yaran suka ajiye danƙo suna rige-rigen gani. Iya ta leƙo ta duba, ta ce to ta ji, amma dai kada ta kwana a kan ɗakinta.