Kurakuran da aka fi yi wajen binciken talauci da haɗa kan al'umma

Malamin jami'a da ya ɗauki talauci a matsayin fagen bincikensa yana da masu bin sa bashi biyu: jami'a tana jiran takardun da zai wallafa, mutanen da ya shiga gidajensu kuma suna jiran su ga amfanin zuwansa. Yawancin ɓarnar da ake gani a sakamako tun daga ƙofar gari take farawa, kafin a kunna kwamfuta.

Na farko shi ne zuwa da rani kaɗai. Hanya ta bushe, mota tana shiga, hatsi yana rumbu, kowa ya sake. Tun farkon shekarun 1980 Robert Chambers na cibiyar nazarin raya ƙasa da ke Sussex a Ingila ya ja kunnen masu bincike kan wannan ɗabi'a, da ta tsayawa a ƙauyukan bakin kwalta. A ƙasar Hausa wuya ta fi tsanani daga Yuni zuwa Agusta: rumbu ya yi ƙasa, zazzaɓin cizon sauro ya kankama, magidanci ya bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago a ta wani don a ɗora tukunya. Gyaran shi ne a zagaya gidajen da aka zaɓa sau biyu aƙalla, a Agusta da kuma Disamba ko Janairu. A zaɓi ƙauyukan da ƙuri'a daga cikakken jerin sunaye, a kuma ware kuɗin babur tun a kasafi, domin wasunsu mota ba ta kai musu da damina.

Sai rikicin kalmar "gida". Ƙofa ɗaya kan haɗa dattijo da 'ya'yansa uku masu aure, wasu suna noma tare a gandu, wani ya ware. In aka rubuta su duka iyali ɗaya, ko aka raba waɗanda cinsu ɗaya, lissafin abin da kowane mutum ke samu ya karkace. Tambayar da ke warware wannan ita ce: tukunya nawa ake ɗorawa a gidan nan? Masu ci daga tukunya ɗaya su ne iyali ɗaya. A tsayar da ƙa'ida a rubuce kafin fita, misali duk wanda ya kwana wata shida cikin sha biyun da suka wuce yana ciki, don kada cikin ɗaliban da ke tattara bayanai wannan ya ƙirga ɗan cirani wancan ya tsallake shi.

Wanda ya fi waɗannan tsada shi ne tsayawa a zaure. Polly Hill, mai bincike 'yar Ingila wadda ta yi aiki a Batagarawa kusa da Katsina a shekarun 1960, ta nuna irin cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gida ta hannun yara 'yan talla. Ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, fura, ƙosai, kiwon awaki da zubin adashi duk ba sa bi ta zaure. Maigida bai san adadin kuɗin matarsa ba, ita ma ba za ta faɗa a gabansa ba, balle a gaban kishiya. Dole tawaga ta kasance da mata masu jin karin harshen yankin, su zauna da kowace mace ita kaɗai.

Kada a tambayi mutum nawa yake samu a wata. Manomi ba albashi yake ɗauka ba. A tambayi abin da aka ci da abin da aka kashe: abinci na kwana bakwai, sabulu da kuɗin mota na kwana talatin, sutura da suna da biki na shekara. In an sa wa'adi kada a sauya shi a tsakiyar aiki. Indiya ta sauya nata a binciken 1999 zuwa 2000, masana suka yi shekaru suna gardamar ko talauci ya ragu ne ko kuwa tambayar ce ta canza. Ma'auni ma haka: tiyar wannan kasuwa ba ta wancan ba ce, dami kuwa kowa da ɗaurinsa. A tafi da sikeli, a auna tiya da gwangwani da dami a kowane gari. Hatsin da iyali ya noma ya ci, a sa masa farashin kasuwa na wannan makon.

Wajen rubutu ana yawan gwama alƙaluman da ba dangi ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2018/2019 kashi 40.1 cikin ɗari na 'yan Najeriya suna ƙasa da layin talauci na naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, ban da jihar Borno. A 2022 ta fitar da kashi 63, wato mutum miliyan 133, amma wannan awo ne na rashin ilimi, lafiya, tsaftataccen ruwa, aikin yi da makamantansu. Wanda ya rubuta cewa talauci ya tashi daga 40 zuwa 63 ya auna gero da ma'aunin mai. Haka nan layin talauci na Bankin Duniya, da ya koma dala 2.15 a rana a 2022 sannan dala 3 a rana a 2025, ana lissafa shi ne da ƙarfin sayayya, wato abin da kuɗin ke iya saya a ƙasar, ba da farashin 'yan canji ba.

Shiga gari sai ta hannun hakimi, dagaci da mai unguwa; wannan ba abin jayayya ba ne. Kuskuren shi ne a bar mai unguwa ya nuna gidajen da za a shiga. Sannan da an ga baƙo da takarda, za a ɗauka sunayen tallafi ake rubutawa, sai akuya ta ɓace daga lissafi. A faɗa a bainar jama'a, a maimaita a kowace ƙofa, cewa babu rabon komai. Neman yarda kuma a yi shi da baki, da Hausa, tare da bayyana cewa mutum yana iya ƙi. Mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996, da aka yi wa yara masu sanƙarau aka kuma yi zargin ba a nemi yardar iyayensu ba, kuma suna da dalili.

A ɓangaren haɗa kan jama'a, malamai sukan yi gaggawar kafa sabuwar ƙungiya da shugaba da sakatare, alhali gari yana da gayya, adashi, kwamitin masallaci da ƙungiyar manoma. Saul Alinsky, Ba'amurken da ya haɗa kan mazauna unguwar mahauta a Chicago a 1939, kan coci-coci da ƙungiyoyin ma'aikata da ya tarar ya ɗora aikinsa. Kafin a kira taro, a ziyarci mutum talatin ko arba'in ɗaya bayan ɗaya, a ji abin da ke ci musu tuwo a ƙwarya. A fara da buƙata ƙarama mai sunan wanda zai biya ta, kamar gyaran rijiyar burtsatse da ke wuyan ƙaramar hukuma. "Kawar da talauci" ba shi da ofishin da za a kai masa takarda. Kuɗin zama a taro kuwa guba ne: ranar da ya tsaya, tabarma za ta zama wayam.

Malami kada ya zama bakin jama'a. Kuɗin bincike shekara biyu ko uku ne, ya ƙare ya koma aji. Mutanen gari su za su sa hannu a takardar koke, su za su yi magana gaban shugaban ƙaramar hukuma, shi ya zauna a baya da alƙaluma. Asusu ya kasance da sa hannun mutum biyu, a karanta shiga da fita da babbar murya a kowane zama.

Kafin a aika takarda ga mujalla, a koma garin da sakamakon a shafi biyu na Hausa, har da ajami in ana karanta shi, a karanta wa maza da mata daban, a gyara abin da suka ce ba haka yake ba. Sauya suna kaɗai ba ya rufa asiri: a ƙauye mai gida ɗari biyu, "bazawara mai 'ya'ya bakwai da ke sayar da daddawa" kowa ya san ta. A sauya sana'ar ko adadin yaran, a kuma cire sunan unguwar.