Yadda Ƙungiyar Masunta Za Ta Tabbatar da Haƙƙinta a Kan Kududdufi a Jos

Haƙar kuza ta bar kududdufai masu yawa a kewayen Jos, daga Rayfield zuwa Bukuru har Barikin Ladi, kuma da yawa daga cikinsu ba sa ƙafewa ko da rani. Wanda ya zuba 'ya'yan kifi a irin wannan ruwa ba tare da takardar da ta ba shi iko a kansa ba, ya yi wa wasu kiwo ne, domin ranar da kifin ya girma kowa zai zo da tarunsa. Saboda haka aikin farko na ƙungiya shi ne tabbatar da haƙƙi, sayen iri kuwa daga baya yake zuwa.

A fara da binciken wanda ƙasar take hannunsa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, amma sau da yawa akwai iyalin da suka gaji gonakin da ke kewaye da ruwan, ko kamfanin da yake da tsohuwar takardar haƙar ma'adinai. A zauna da su a gaban mai unguwa ko dagaci, a rubuta yarjejeniyar haya wadda ta fayyace iyaka da adadin shekaru da kuɗin da za a riƙa biya. A ganina hayar shekara ɗaya ba ta da amfani, domin babu mai kashe kuɗi wajen gyara bakin ruwan da za a iya karɓewa baɗi. Kada kuma a manta da masu noman rani da makiyaya, waɗanda suka riga masunta cin moriyar ruwan; a rubuta musu mashayarsu da wurin ajiye injin ban ruwa tun farko.

Daga nan sai rajista a ofishin kula da ƙungiyoyin gama kai na jiha. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta tanadi aƙalla mutum 10 kafin a yi rajista, kuma rajistar ce take ba ƙungiya damar sa hannu a yarjejeniya da buɗe asusun banki da sunanta.

Inda ƙungiyoyi suka fi rushewa shi ne rabo, don haka nan ya kamata a daɗe ana shawara. Elinor Ostrom, wadda ta samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta nuna cewa dukiyar tarayya tana ɗorewa idan masu amfani da ita ne suka tsara dokokinta, suke sa ido a kan juna, kuma hukunci yana farawa daga gargaɗi kafin ya kai ga tara ko kora. Ta kawo misalin masuntan Alanya a Turkiyya, waɗanda suke raba wuraren kamun kifi ta hanyar jefa ƙuri'a a watan Satumba, sannan kowa ya matsa zuwa wuri na gaba kullum, yadda wuri mai albarka zai zagayo kan kowa. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, tunda a Argungu an san hana kamun kifi a kogin Matan Fada har sai lokacin da aka buɗe ruwa. Ƙungiya ta tsayar da watannin hutun ruwa, ta haramta taru mai ƙananan idanu da zuba guba, ta kuma auna kamun kowa a sikeli ɗaya a rubuta a littafi ɗaya.

A raba riba gwargwadon jari da kwanakin aiki, gadi na dare ma aiki ne, bayan an ware kashi ɗaya cikin huɗu a asusun ajiya. Kafin a zuba tarwaɗa ko karfasa, a kai ruwan ɗakin gwaji, domin tsohon ramin ma'adinai ne, kuma a sa sanyin Jos cikin lissafi, tunda yana rage saurin girman tarwaɗa daga Disamba zuwa Fabrairu.