Kurakuran da sababbin likitoci ke tafkawa a kan tsofaffi masu mantuwa

Na gaji da ganin takarda iri ɗaya daga hannun sababbin likitoci: tsoho ya zo da mantuwa, a rubuta masa maganin mantuwa na donefezil, a sallame shi. Wai an yi maganin gigin tsufa ke nan.

Bari in fara da wanda ni na tafka, wanda har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Ina sabon shiga, aka kawo wani dattijo cikin dare yana cewa ga yara nan suna wasa a gindin gadonsa. 'Yarsa ta ce da safe ras yake hira, yamma na yi sai ya rikice. Ban tsaya dogon bincike ba, na sa aka yi masa allurar halofiridol, maganin da ake ba masu taɓin hankali, don ya kwanta. Washegari na tarar jikinsa ya sandare kamar itace, yawu na dalala, ko ruwa ya kasa haɗiya. Na ce, "Baba, ɗaga hannunka," sai ido kawai yake bi na da shi. Ashe cutar mantuwa mai ɗigon Lewy ce, wato ɗigon furotin da ke taruwa a ƙwayoyin ƙwaƙwalwa. A wannan cuta, kamar a cutar Fakinsin mai sa karkarwa da taurin jiki, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu samar da sinadarin dofamin suna mutuwa, ni kuma na zo da maganin da ke toshe wa ɗan ragowar hanya. Alamun duk suna gabana: ganin abin da babu shi, hankali mai zuwa da tafiya, jan ƙafa. Daga baya matarsa ta ce ya yi shekaru yana ihu da kai naushi cikin barci. Ban tambaya ba. Yanzu ba na taɓa irin wannan allura sai na ga tsoho ya taka a gabana, na lanƙwasa gwiwar hannunsa na ji ko da tauri.

Na biyun ya fi ba ni haushi, don a aji an koya muku shi. Tun 1976 Davies da Maloney suka nuna cewa tsarin asetilkolin, sinadarin da ke taimaka wa tuna abu, ya durƙushe a ƙwaƙwalwar masu cutar Alzaima. Aikin donefezil shi ne hana rushe wannan sinadari. To, maganin yakan jawo matsuwar fitsari. Iyali su kawo ƙorafi, sai ka ga likita ya ƙara maganin matsuwar fitsari na oksibutinin, wanda aikinsa toshe asetilkolin ɗin ne! Kana hura wuta da baki, kana zuba mata ruwa da hannu. Haka maganin ciwon damuwa na amitiriftilin, haka magungunan mura masu sa barci. Ni ɗabi'ata, sai an juye mini duk magungunan gidan a kan tebur, har wanda aka saya ba da takarda ba. Sau da yawa cirewa nake yi, ba ƙari ba. Kuma ina ƙirga bugun zuciya kafin in fara donefezil, domin yana rage shi, tsoho ya yanke jiki ya faɗi.

Sauran a taƙaice. Rikicewar da ta faro kwana uku da suka wuce ba gigin tsufa ba ce. Nemi ciwon huhu, ciwon mafitsara ko ƙarancin gishirin jini. Diyazifam, maganin kwantar da hankali, yana ƙarfafa GABA, sinadarin da ke rage aikin ƙwaƙwalwa, ya danne ƙwaƙwalwar da dama da ƙyar take kama sabon abu. Memantin, wani maganin mantuwa, a kan sinadarin gulutamet yake aiki, kuma sai cutar ta yi nisa, ba a farkonta ba. Ku daina ce wa dofamin sinadarin jin daɗi, alhali motsi da himma ma nasa ne. A auna bitamin B12 da aikin tayirod (ƙullin da ke gaban wuya) kafin a sa wa cuta suna. Wanda giya ta ci ƙarfinsa ya zo a ruɗe kuwa, ni tayamin, wato bitamin B1, nake fara ba shi, ba na jiran sakamakon gwaji.