Idan Jikin Amininka Ya Fara Ja Baya

Bahaushe ko yana kwance ka tambaye shi jiki, "da sauƙi" zai ce. Saboda haka kada ka tsaya a bakinsa, duba da idonka. Wandonsa ya fara zamewa? Takalmi ya matse saboda kumburin ƙafa? Yana haki in ya hau ƴar tudu, ko yana yawan tashi fitsari da dare ga ƙishirwa?

Ka samu ƙaramin littafi ka riƙa rubutawa da kwanan wata. A auna nauyinsa sau ɗaya a mako, da safe, a ma'auni ɗaya. Mai kilo 60 da ya zubar da kilo 3 cikin wata shida babu dalili, ya isa ganin likita. Awon hawan jini kuwa sai ya zauna minti biyar tukuna, hannu bisa tebur daidai ƙirji, kuma ba goro ba sigari rabin awa kafin nan, don suna ɗaga awon. In ana samun 140/90 ko fiye a ranaku daban-daban, hawan jini ne ake zargi. Awon sukari kafin karin kumallo in ya kai 126 (mg/dL), ciwon sukari ake zargi. Tarin da ya wuce mako biyu, ga zufar dare, a Jos sanyi ake ɗora wa laifi, alhali gwajin majina da maganin tarin fuka kyauta ne a asibitocin gwamnati.

Wurin faɗa masa ne ake ɓata lamarin. "Kai, ka rame!" a tsakiyar majalisa ba abin da zai sa sai ya daina fitowa. Keɓe shi ka ce, "Abokina, ran Talata zan je a auna ni, zo mu je tare." Ka kuma je a auna ka ɗin.

Ranar zuwa ku yi sammako. Ku tattara duk abin da yake sha a leda ɗaya, har na kemis da jiƙe-jiƙe, kada a ɓoye ko ɗaya: irin su diclofenac da ibuprofen, in an daɗe ana sha, suna lalata ƙoda. Ku fara da asibiti mafi kusa, ko na Ƙwararru na Filato ko Jankwano; in abin ya fi ƙarfinsu za su ba ku takardar zuwa JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, a Lamingo. Gaban likita bar shi ya yi bayani da kansa, kai ka rubuta sunan magani da ranar dawowa. Daga baya ka riƙa bibiya, domin da an ji sauƙi ake ajiye magani, maganin tarin fuka kuwa wata shida ne cur.

Abin da ba ya jiran Talata: baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, ko ciwon ƙirji da zufa. In alamar shanyewar jiki ce, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, zai iya shaƙewa. Duba agogo, ka riƙe lokacin da abin ya fara, a nemo mota.