Sabon Zuwa Ingila: Kada Maganin HIV Ya Yanke, Akwai Ƙyandar Biri

Sabon zuwa hidima ke masa yawa: neman ɗaki, buɗe asusun banki, farautar aiki. Asibiti sai can baya ake tunawa da shi. Ga mai ɗauke da ƙwayar HIV kuwa, da asibitin ya kamata a fara. Wasu kan taho da maganin 'yan watanni daga gida, ya ƙare, sai kunya ko tsoron a tambaye su takardun zama ya hana su neman wani. A wannan giɓin ne ƙyandar biri ta fi yin ɓarna.

Cutar ba baƙuwarmu ba ce. A 2017 ta sake ɓulla a jihar Bayelsa bayan kusan shekara 40 ba a ji ɗuriyarta a Najeriya ba, kuma cikin mutum 7 da aka rubuta mutuwarsu tsakanin 2017 da 2018, 4 suna da HIV. A watan Mayun 2022 ta bazu a Ingila da sauran Turai da Amurka, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci a Yuli. A wancan karon ta fi yaɗuwa ta hanyar saduwa tsakanin maza masu neman maza, kuma kashi 38 zuwa 50 cikin 100 na waɗanda suka kamu suna da HIV. Amma kada wannan ya sa ka ce ba ruwanka. Fata ta taɓa ƙurji, ko a yi tarayya a tawul da zanin gado, ya isa, ga shi yawancinmu gidan haɗaka muke fara zama.

Abin lura shi ne wa take kayarwa. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2023 ya bi mutum 382 a ƙasashe 19, masu HIV da garkuwarsu ta yi ƙasa. Mutum 27 suka rasu, kuma dukkansu ƙwayoyin CD4 ɗinsu (ƙwayoyin garkuwar jiki da ake ƙirgawa a gwajin jini) ba su kai 200 ba. A jikin irin waɗannan ƙurajen kan zama manyan gyambuna masu cin nama, wani lokaci cutar ta shiga huhu. Wanda ke shan maganinsa kullum, garkuwarsa da ƙarfi, galibi yakan warke cikin mako 2 zuwa 4 kamar kowa.

Don haka tun makon farko ka nemi asibitin kula da cututtukan saduwa mafi kusa da kai, shafin intanet na hukumar lafiyar ƙasar, NHS, zai nuna maka. Ba sai likitan unguwa ya tura ka ba. Gwaji da maganin HIV kyauta ne a Ingila ga kowa tun 2012, ko wace irin biza ke hannunka, kuma sirrinka a rufe yake. Ka tafi da kwalbar maganinka ta gida don su ga wanda kake sha, ka nemi a auna maka CD4. Wanda bai taɓa gwaji ba, shi ma can zai je.

Ka kuma tambaya ko ka cancanci rigakafin ƙyandar biri. Sunansa Imvanex a nan, allura 2 ce da tazarar aƙalla kwana 28, kuma ana yi wa masu HIV.

Alamomin kan fito cikin kwana 21 da haɗuwa da mai cutar: zazzaɓi, ciwon jiki, kaluluwa, sai ƙuraje a fuska, hannu, baki, al'aura ko dubura. Wani ƙurji ɗaya tak zai gani ya ce ai maruru ne ko ƙarambau. Kada ka matse, kada ka shafa komai. Kira 111, lambar neman shawarar lafiya ta NHS, ko asibitin kafin ka je, ka gaya musu kana da HIV, ka rufe wurin, ka ware kayanka har ɓawon ya faɗi sabuwar fata ta fito.