Darasi na 9: Sayen Sutura da Kayan Ado a Hannun Dillalai

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san sallamar dillaliya. Da hantsi, bayan maza sun fita nema, sai a ji muryarta daga zaure, ƙunshi a ka, jaka a hammata. A shimfiɗa mata tabarma, a ba ta ruwa, sannan ta kwance ƙunshin: turmin atamfa, leshi, mayafi, takalmi, wani lokaci har da sarƙa da 'yan kunne a ƙulle a bakin zane.

Abu na farko da za ku riƙe shi ne, kayan nan ba nata ba ne. Wata ce ta ba ta amana ta sayar mata. Ko amarya ce da kayan lefe suka yi mata yawa, ko uwa ce da kuɗin makarantar yara ya taso mata, ko kuma riga ce kawai ta yi wa mai ita kaɗan. Idan kaya ya shiga, dillaliya ta kai wa mai shi kuɗinta, ita kuma ta ɗauki ladan wahalarta. Wannan ladan shi ake kira la'ada. Ke nan a cinikin dillanci mutum uku ne: mai kaya, dillali ko dillaliya, da mai saye.

Yanzu sana'ar ta fito daga ƙunshi ta shiga shago. A Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru za ku samu masu karɓar kayan mutane su rataye, in an saya su cire nasu kason. Wasu kuma hoton kayan suke sawa a WhatsApp. Ko a Amurka da Ingila akwai irin waɗannan shaguna, kuma tsarin ɗaya ne da na dillaliyarmu.

Kada ku haɗa wannan da gwanjo. Kayan gwanjo a ɗaure suke zuwa cikin dila daga ƙasashen waje, da yawansu ta Kwatano. Mai gwanjo da kuɗinsa ya sayi dilar, saboda haka in ya ga dama ya sallama miki nan take. Dillaliya kuwa akwai iyakar da mai kaya ta yanka mata. In kin taya ƙasa da haka za ta ce, "Bari in je in ji daga bakin mai shi." Ba jan rai take yi miki ba, amana ce a hannunta.

Kuma ina roƙonku, kada ku matsa mata da tambayar kayan wace ce. Mace da yawa ta fitar da zanenta ne don rufa wa gidanta asiri. Sayen na hannu ma ba abin kunya ba ne. Sau da yawa tsohuwar atamfa mai kyau ta fi sabuwa mai araha daɗewa a jiki.

Duba kaya kafin ki biya

A kantin sababbin kaya, in riga ta zo da matsala ana iya canza miki da irinta. A wurin dillaliya kowane kaya guda ɗaya ne tak, kuma da zarar ta miƙa wa mai shi kuɗi, dawo da shi sai an sha wuya. Don haka duk dubawar da za ki yi, ki yi ta kuɗinki na hannunki.

Ni kaina na taɓa sayen leshi bayan magariba, a hasken fitilar waya. A ninke aka miƙo mini, na shafa, na ji laushinsa, na biya. Sai da na kai wa tela ya baza shi a kan tebur, muka ga shatin dutsen guga a tsakiyarsa, faɗin tafin hannu, zaren wurin ya ƙone ya yi ja. Rigar da na yi niyya ba ta fita ba, sai ɗankwali da 'yar rigar yarinya. Ban ce dillaliyar ta sani ba, wataƙila ita ma a ninke aka ba ta. Amma tun daga ranar ba na sayen tufa sai da rana, a tsakar gida, a warware.

In turmin atamfa ne, ku kama shi ku biyu ku baza gaba ɗaya. Turmi yadi 6 ne, kowane yadi kuma inci 36. Ki sayi tef irin na tela ki ajiye a jakarki, ba shi da tsada, kin kuwa iya karanta lambobinsa yanzu. Akan yanke rabin yadi a yi ɗankwali, a mayar da saura a ninke kamar ba a taɓa ba. Ki ɗaga shi sama ta wajen rana. Hujin asu ko cin gara ko wurin da zare ya sirance, haske zai tona shi. Ki bi layin ninki da ido, domin zanen da ya daɗe a akwati a nan yake fara koɗewa. Ki shinshina kuma. Warin fumfuna yana nuna damina ta same shi a ajiye.

Sai ki juya bayansa. Atamfa ta ainihi rininta yana ratsa zaren, ciki da waje kusan ɗaya ne. Wadda aka buga wa zane a fuska ɗaya kawai, bayanta fari-fari yake. A gefen turmin akwai rubutu, kuma a nan karatunku zai yi muku rana. Wadda muke kira Holan kamfanin Vlisco ne yake yin ta a ƙasar Holan, sunan yana rubuce a gefe tare da lambar zanen. Shadda gezna kuma sunanta daga kamfanin Getzner ne na ƙasar Ostiriya. Ki karanta harafi bayan harafi, domin masu jabu sukan canza harafi ɗaya su bar saura. Su kan kwaikwayi sunan daidai ma, saboda haka rubutu shi kaɗai bai isa shaida ba, sai an haɗa da hannu da ido. In kina tsoron zuba, ki nemi izini, ki jiƙa farin ƙyalle ki goga a can ƙarshen gefe. In ƙyallen ya ɗauki launi, ranar wanki za ta zuba.

Ɗinkakkun kaya kuma, inda suke fara mutuwa shi ne wuya da hammata da bakin aljihu da tsakanin cinyoyin wando. Ki ja zif sama da ƙasa sau biyu, ki ƙirga maɓallai. Ki juya rigar ki ga ko tela ya bar sauran yadi a cikin ɗinki, domin in ya bari ana iya buɗa ta, in bai bari ba, yadda kika same ta haka za ta zauna.

Maza, ku ma da naku. Zariya ta yi suna wajen ɗinkin hannu na babbar riga, irin su aska biyu da aska takwas, kuma riga irin wannan ko an taɓa sa ta tana da daraja. Ka juya bayan aikin. Ɗinkin hannu za ka ga sawun allura bai zama ɗaya sak ba, da ƙulle-ƙullen zare nan da can. Na keke kuwa a jere yake kamar an auna. Ka lura kuma, tsohuwar shadda in ta sha sitati ta je wurin mabuga, ƙyallinta sai ya rufe maka ido. Ka murza gefenta da yatsa ka ji ko akwai sauran ƙarfi a zaren.

Rigunan da aka ɗinka a waje suna da ɗan ƙyalle a wuya ko a gefe. Harafin S ƙarama ce, M matsakaiciya, L babba, XL ta fi L girma. In kin ga an rubuta Cotton, auduga ce, tana shan gumi. In Polyester ce, zaren roba ne, a zafin watan Maris da Afrilu za ki ji a jikinki. Hoton ɗan baho da lamba 30 ko 40 a ciki yana gaya miki iyakar ɗumin ruwan da za a wanke ta da shi. Takalmi kuma lambarsa tana ƙasa ko a ciki, kamar 38 ko 42. Na Ingila lambobinsu ƙanana ne, kamar 5 ko 8. A gwada ƙafa biyun, a taka, a lanƙwasa ƙasan a ga ko ya tsage. In na yaro ne kuma ba ya kusa, dabarar iyayenmu tana nan: a auna ƙafarsa da tsinken tsintsiya, a ƙara ɗan tsawo, a tafi da shi. Jaka ba ta da wuyar dubawa, hannunta da zif da shafin ciki ne kawai, sai fatar in ta fara ɓarewa.

Gwal

A nan ake asarar da ta fi ciwo. Gwal na gaske yakan zo da 'yar lamba a maƙullin sarƙa ko a cikin zobe. 750 tana nufin karat 18, 875 karat 21, 916 kuma karat 22. Azurfa takan zo da 925. Gwal ba ya bin maganaɗisu, in kin kusanta shi sarƙa ta manne, ƙarfe ne aka yi wa ruwan gwal. Amma tagulla ma ba ta bin maganaɗisu, lamba kuma ana buga ta ƙarya. Saboda haka kada ki biya kuɗin gwal a tsakar gida. Ku tafi tare da dillaliya wurin masu sayar da gwal a kasuwa, a gwada, a ɗora a sikeli, ki karanta giram nawa ne da idonki, ki tambayi kuɗin giram na wannan rana. Dillaliyar kirki ba za ta ƙi rakiya ba. In kuwa baƙuwar fuska ce ta zo miki da sarƙa a rabin kuɗinta tana sauri, ki bar ta ta wuce. Kayan sata in an biyo sawu, a hannun wanda aka same shi ake fara tambaya.

Karatu: ciniki

Ku karanta wannan bibbiyu, ɗaya ta zama dillaliya, ɗaya mai saye.

"Inna, wannan leshin nawa aka ce?"

"Dubu ashirin da biyar, 'yar nan. Sau ɗaya aka ɗaura shi."

"Na ga ɗan tabo a nan gefe. Na saya sha takwas."

"Albarka. Tabon kam gaskiyarki, ni ma da zan nuna miki. Amma mai shi ta ce kada ya gaza ashirin."

"To, na saya ashirin. Zan ba da takwas yau, ciko ranar Juma'a."

"Na sallama. Allah ya sa a kashe lafiya."

"Amin, Inna. Bari in ɗauko littafi mu rubuta."

Kun ji Inna ba ta ɓoye tabon ba. Haka addini ya ce. Hadisi ya zo a cikin Sahihu Muslim cewa wanda ya yi algus ba ya cikinmu. In ke ce mai ba da kaya a sayar, ki faɗa wa dillaliya aibinsa tun a gida, kada ki sa ta jin kunya a gidan mutane.

Rubutu da lissafi

Yawancin rigimar dillanci ba daga mugunta take tasowa ba, daga mantuwa ne. Mai kaya ta ce turmi huɗu ta bayar, dillaliya ta ce uku. Mai saye ta ce saura dubu goma, a ce mata sha biyu. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce a rubuta bashi idan an ƙulla shi zuwa wani lokaci. Da can sai mun nemi ɗan makaranta ya rubuta mana, ya ji sirrinmu. Yanzu da hannunku za ku yi. Ku kwafi wannan a littafinku:

Rana: ________
Kaya: leshi 1, ruwan goro
Kuɗi: ₦20,000
An biya: ₦8,000
Saura: ₦12,000
Ranar cikawa: ________
Sa hannun mai saye da na dillaliya: ________

In ta waya kika tura kuɗi, kada ki goge saƙon banki. In ke ake turo wa, ki duba asusunki ki ga kuɗin ya shiga kafin kaya ya fita, domin akwai alat na bogi.

La'ada ba ta da ƙayyadadden adadi, abin da aka yi yarjejeniya ne, kuma a yi ta kafin kaya ya bar gida. A ce an shirya a kan naira 10 cikin kowace 100. Leshin ₦20,000 la'adarsa ₦2,000 ke nan, mai kaya ta karɓi ₦18,000. Wasu kuma sukan ce, "Ki kawo mini dubu sha takwas, abin da ya hau naki ne." Duk wanda aka zaɓa a cikin biyun, a rubuta shi, a rubuta kuma kwana nawa kaya zai yi a hannun dillaliya kafin a dawo da shi in bai shiga ba.

In kin kawo kaya gida, kada ya shiga akwati ko jikin yaro sai an wanke. Ƙazuwa da ƙwarƙwata da kuɗin cizo suna bin tufa. Wanda zai jure ruwan zafi a wanke shi da ruwan zafi da sabulu, a shanya a rana ya bushe ƙarau, a goge da dutsen guga mai zafi, musamman cikin ɗinki. Takalmi da jaka a goge cikinsu a sa a rana. Kamfai da sauran kayan ciki kuwa, shawarata a daure a sayi sababbi.

Aikin gida

1. Wata ta ba dillaliya mayafi a kan ₦6,000 da takalmi a kan ₦9,000. La'ada naira 10 ce cikin kowace 100. Nawa dillaliya za ta ɗauka, nawa mai kaya za ta karɓa?
2. An auna turmin atamfa aka samu inci 198. Inci nawa aka yanke?
3. Ku ɗauko riga ɗaya mai ƙyalle a wuya daga cikin kayanku, ku kwafi duk abin da aka rubuta a jikinsa, ku zo da shi aji mako mai zuwa mu karanta tare.