Masu keken lantarki mai taya ɗaya, a kula da masu tafiya da karnuka

Salamu alaikum 'yan uwa. Wannan keke ba shi da birkin hannu, sai ka jingina baya kake tsayawa, kuma tsayuwar na cin 'yar tazara. Ga shi ba ya ƙara, mai tafiya ba ya jin zuwanka har sai ka zo gefensa. Don haka da ka hango mutane, rage gudu tun daga nesa zuwa na mai tafiya da ƙafa, ka yi magana: "Sannu, zan wuce ta dama." A Faransa ma, tun dokar 2019, ba a hawa shi a hanyar masu ƙafa sai inda hukumar gari ta yarda, nan ma kada ya wuce kilomita 6 a awa.

Kare ne ya fi ba ni tsoro. Halinsa ne bin abin da ke gudu, in ka ƙara wuta sai ya ƙara bin ka. Duba igiyarsa tukuna, don akwai siririya mai miƙewa wadda da kyar ake ganinta, musamman da magariba. Kada ka taɓa ratsawa tsakanin kare da mai shi, igiyar za ta harɗe taya, ku zube gaba ɗaya. In ya fara haushi yana nufo ka, sauka, sa keken tsakaninku, kada ka zura masa ido, ka jira mai shi ya riƙe shi.

Yara kuwa sukan yanko ba zato. In wuri ya cika, sauka, zaro hannun da ake jan keken da shi, ka tura shi kawai.